Fansho da Diyyar Naƙasa: Wa Ya Cancanta, Kuma Ta Wace Ƙofa Kuɗin Ke Fitowa?

A majalisar da muke zama bayan la'asar a Tudun Wadar Zariya akwai dattawa huɗu da suka yi aikin gwamnati, kuma kowanne daga cikinsu ka tambaya zai ce maka shi ɗan fansho ne. Na farko ya bar aikin jirgin ƙasa tun kafin 2007, na biyu ya ajiye aiki a ɗaya daga cikin cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke Samaru 'yan shekarun nan, na uku tsohon malamin firamare ne, na huɗu kuwa tsohon soja ne. Duk ranar da maganar kuɗi ta taso sai musu ya kaure, wannan ya ce an yi ƙari, wancan ya rantse cewa bai ga ko kwabo ba, ɗayan kuma ya ce shi har yanzu garatutinsa yake jira. Na daɗe ina sauraronsu kafin na gane cewa babu maƙaryaci a cikinsu, domin hukumomi huɗu ne ke riƙe da haƙƙinsu, kowace da dokar da take bi. Kalmar fansho ce kawai ta haɗa su.

Wannan ruɗani ya fi yawa a gari irin namu, inda ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi ke zaune gida da gida. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika, ga kwalejin horar da matuƙa jiragen sama, ga barikin horar da sababbin sojoji, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli wadda take ta jiha, ga kuma dubban malaman makarantun firamare. Saboda haka tambayar da ya kamata ma'aikaci ya fara amsa wa kansa, tun kafin ya tambayi nawa za a ba shi, ita ce a wane tsari yake. Amsar kuwa ta rataya a kan abu uku: wa ya ɗauke shi aiki, yaushe aka ɗauke shi, kuma ta wace hanya ya bar aikin.

A tsohon tsari, wanda dokar fansho ta 1979 ta kafa ginshiƙinsa, ba a cirar komai daga albashin ma'aikacin gwamnati. Gwamnati ce ke ɗaukar alkawarin biyansa daga kasafin kuɗi, lissafin kuma ana yin sa ne da shekarun aiki da albashin ƙarshe. Bayan gyaran 1992, wanda ya yi shekara 5 yana da garatuti, wanda ya kai shekara 10 yana da garatuti da fansho, wanda ya cika 35 kuwa yana karɓar kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe kowane wata har ya koma ga Mahaliccinsa, tare da garatutin da ya ninka albashinsa na shekara sau uku. A takarda tsari ne mai kyau ƙwarai. Illarsa ita ce babu wani asusu da aka tara kuɗin a ciki, don haka duk shekarar da kasafi ya gaza sai bashi ya hau kan bashi. Waɗanda suka kai shekarun tunawa sun san yadda dattawa ke kwana a layin tantancewa, wasunsu har su yanke jiki su faɗi.

Wannan ne ya haifar da dokar gyaran fansho ta 2004 a zamanin Shugaba Obasanjo, wadda aka sake sabunta ta a 2014 a zamanin Shugaba Jonathan. Ma'aikatan tarayya da shekara uku ko ƙasa da haka ta rage musu su yi ritaya a lokacin da dokar ta fara aiki an bar su a tsohon tsari, kuma su da waɗanda suka riga su barin aiki, wato duk wanda ya fita zuwa ƙarshen watan Yunin 2007, hukumar kula da 'yan fanshon tsohon tsari, wato PTAD, da aka kafa a 2013 ce ke biyansu. Dattijon namu na jirgin ƙasa yana nan. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su daga sabon tsarin a 2011, shi ya sa tsohon sojan ke karɓar nasa daga hukumar fanshon sojoji, 'yan sanda kuwa sun shafe shekaru suna neman a yi musu irin wannan fitarwa.

Sabon tsarin tarawa ake yi. Kowane ma'aikaci yana da asusun ajiyar fansho mai ɗauke da sunansa da lambarsa, a hannun kamfanin da ya zaɓa daga cikin kamfanonin kula da fansho, waɗanda aka fi sani da PFA. A ƙarƙashin dokar 2004 ma'aikaci yana zuba kashi 7.5, mai aikin, wato wanda ya ɗauke shi aiki, shi ma ya zuba 7.5, sai dokar 2014 ta mayar da mafi ƙarancin zubin kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai aiki. Abin da ake yi wa lissafin shi ne aƙalla tsabar albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan uku sun haɗu sun ba da naira 100,000, to za a cire 8,000 daga albashin, gwamnati ta ɗora 10,000, naira 18,000 ta shiga asusun kowane wata, wato 216,000 a shekara kafin a haɗa da ribar juyawa. Doka ta ce a tura kuɗin cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi, wanda ya makara kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kamfanin PFA ba shi ne ke riƙe da tsabar kuɗin ba. Shi yana tsara yadda za a juya su ne, wani kamfanin daban mai lasisin ajiya ke riƙe da su, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana sa ido a kan duka biyun. An raba aikin haka ne domin kada wuƙa da nama su kasance a hannu ɗaya.

Jihohi ba sa shiga wannan tsari kai tsaye, sai kowace ta yi tata dokar. Jihar Kaduna ta yi tata a 2016, tsarin ya fara aiki a farkon 2017, inda ma'aikaci ke zuba kashi 7, gwamnati ta zuba 13, hukumar fansho ta jiha kuma tana kula da waɗanda suka rage a tsohon tsari. Kano da Jigawa sun bi wata hanyar, wadda ake tara kuɗin a asusu ɗaya na gama-gari amma a biya bisa shekarun aiki da albashi. Don haka malamin da ke Zariya ba zai auna nasa da na ɗan'uwansa da ke Kano ba, ko da a rana ɗaya suka kama aiki.

Batun shekarun barin aiki ya fi sauƙin fahimta, ko da yake shi ma ya rarrabu. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan 22 zai fita yana da 57, wanda ya kama yana ɗan 30 kuwa zai fita yana da 60 da shekara 30 kacal a fayil ɗinsa. Dokar 2012 ta kai farfesoshin jami'a shekara 70, sauran ma'aikatan jami'a 65, kuma dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa farfesan da ya cika sharuɗɗa zai yi ritaya da cikakken haƙƙinsa, idan asusunsa ya gaza mai aikinsa ya cike giɓin daga kasafi. Malaman firamare da sakandare an yi musu doka a 2022 mai cewa shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki, sai dai aiwatar da ita a kan malaman jiha ya dogara da matakin da jihar ta ɗauka.

Barin aiki daban, buɗe asusu daban. Doka ta ce ma'aikaci ba zai taɓa kuɗinsa ba sai ya yi ritaya ko ya kai shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Wanda aka sallama ko ya ajiye aiki kafin ya kai 50, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara ba, ragowar kuma ta jira shi har ya cika shekarun. Tun 2022 an kuma buɗe wata ƙofar, ta amfani da kashi 25 a matsayin kafin alƙalami wajen karɓar bashin sayen gida.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ritayar ta tabbata. Mafi yawan mutanenmu suna zuwa ofishin PFA da tunanin za a damƙa musu kuɗinsu duka, su sayi gona ko su ƙarasa gini ko su aurar da 'ya'ya, sai su tarar da cewa doka ta ba su damar ɗaukar dunƙulallen kuɗi ne kawai bisa sharaɗin abin da ya rage zai isa a riƙa biyansu fansho. Lissafin yana duba yawan kuɗin da ke asusun da shekarun mutum da jinsinsa da albashinsa na ƙarshe, kuma a aikace da yawa kan tashi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda abin da ya tara bai taka kara ya karya ba ne kaɗai ake ba shi duka a dunƙule. Shekaru da dama iyakar ita ce naira 550,000, daga baya aka ɗaure ta da mafi ƙarancin albashi. Na fahimci ɓacin ran wanda ya ga miliyoyi a takarda aka hana shi taɓawa, kuma ina ganin ƙorafin masu cewa abin da ake biya wata-wata ya yi kaɗan ƙorafi ne mai tushe, musamman a wannan zamani da farashin buhun masara ba ya kwana wuri ɗaya. Duk da haka na ga mutanen da suka karɓi garatuti mai kauri a tsohon tsari ya narke cikin shekara biyu, tsakanin bikin aure da kasuwancin da ba su iya ba, aka wayi gari ɗan abin da ke shigowa ƙarshen wata shi ke riƙe da gidan.

Ragowar kuɗin hanya biyu ake bi da ita, kuma zaɓin yana hannun mai ritaya. Ta farko ita ce a bar kuɗin a hannun PFA yana juya su, ana ɗibar wani adadi ana ba shi kowane wata ko duk wata uku, bisa ƙiyasin tsawon rayuwa. Amfaninta shi ne kuɗin nasa ne har yanzu, ribar da aka samu tana komawa asusunsa, wani lokaci a yi masa ƙari daga ribar, idan kuma ya rasu abin da ya rage gado ne na magadansa. Haɗarinta shi ne wanda Allah ya yi wa tsawon rai sosai asusunsa na iya yin ƙasa. Dokar 2014 ta yi tanadin mafi ƙarancin fansho da asusun kariya domin irin wannan, amma aiwatar da tanadin ya yi ta jan ƙafa. Hanya ta biyu ita ce a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rayuwa, ya ɗauki alkawarin biyan mutum wani adadi har ƙarshen ransa, ko da ya kai shekara ɗari. A nan akwai wa'adin shekara 10: idan ya rasu a cikin wa'adin, magada za su karɓi abin da ya rage na waɗannan shekaru, idan kuwa ya wuce wa'adin kafin ya rasu, babu abin da za a ba su. Wanda ya fara da hanya ta farko yana iya komawa ta biyu daga baya, amma wanda ya shiga ta inshora ba ya dawowa. Saboda wannan kaɗai ya isa mutum ya ƙi sa hannu a ranar da wani wakili ya tare shi a bakin ofis da daɗin baki, ya tafi gida da takardun, ya zauna da wanda ya iya lissafi. Masu damuwa da batun riba ta fuskar addini kuma su sani cewa tun 2021 kamfanonin PFA suna da wani rukuni da ake kira asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa a harkokin da babu kuɗin ruwa, kuma sai mutum ya nema da kansa ake mayar da shi can.

Akwai dalilin da ya sa dattijonmu na Samaru ya yi wata da watanni yana jiran gawon shanu bayan ya ajiye aiki, alhali yana ganin kuɗi a asusunsa. Duk ma'aikacin tarayya da ya kama aiki kafin tsakiyar 2004 haƙƙinsa kashi biyu ne: abin da aka tara masa tun daga lokacin, da kuma haƙƙin shekarun baya da ya yi a tsohon tsari, wanda bashi ne a wuyan gwamnati. Doka ta ce a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin wata a wani asusu a Babban Bankin Najeriya domin biyan wannan bashi, amma abin da ake warewa bai riƙa isa ba, kamfanin PFA kuma ya riƙa jiran shigowar wannan kaso kafin ya kammala lissafi. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 domin sauke basussukan da suka taru a tsarin. Ma'aikatan jihar Kaduna da suka kama aiki kafin 2017 su ma suna da irin wannan haƙƙi na shekarun baya a kan jiha. Musun ƙari kuwa asalinsa sashe na 173 na tsarin mulki ne, da takwaransa na 210 a kan jihohi, wanda ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Ƙarin da tarayya ta yi wa nata ba ya hawa kan na jiha, wanda ke karɓa daga kamfanin inshora kuma galibi adadinsa yana nan yadda aka ƙulla tun farko.

Ɓangaren da aka fi jahilta, kuma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne na wanda lafiya ta raba shi da aiki tun ƙuruciyarsa. Wani ƙanen mahaifiyata direba ne a wata ma'aikata, ya yi hatsari a kan hanyar Kaduna yana bakin aiki, ƙashin bayansa ya taɓu, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Na je duba shi bayan an sallamo shi, na same shi kwance a zaure a kan katifa, an jingina sandunansa biyu da bango, ga ledar magunguna a gefen matashinsa, ƙaramar 'yarsa tana yi masa fifita. Na ce, "Kawu, an kuwa kai rahoton hatsarin nan a rubuce?" Ya ce, "Ɗana, ai kowa ya sani a wurin aiki, har shugabanmu ya zo gaishe ni, ya ba ni abin sayen magani, Allah ya saka masa." Na ce, "Kawu, gaisuwa daban, takarda daban." Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai san akwai wata takarda ba. Lokacin da muka tashi bin lamarin an riga an ci watanni, kuma sai da aka sha wuya kafin a tattara shaidar da da an rubuta ta a makon farko da ba ta ɗauki wuni guda ba.

Mai irin wannan lalura yana da haƙƙi iri biyu, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya. Na farko yana cikin dokar fansho, wadda ta ce wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da ya tabbatar da cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ba, ko wanda ya samu cikakkiyar naƙasa ko ta dindindin, ba zai jira shekara 50 ba, za a buɗe masa asusunsa kamar kowane mai ritaya. Ba a tambayar inda ciwon ya same shi, shanyewar ɓarin jiki a gida da makanta da ciwon taɓin hankali duk suna shiga, muddin likitoci sun tabbatar. Idan daga baya ya samu sauƙi yana iya neman a sake duba lafiyarsa, sau ɗaya a shekara biyu, in ya samu aiki ya koma cikin tsarin. Sai dai a lura cewa wannan tanadi makulli kawai yake buɗewa, ba ya ƙara ko sisi a kan abin da ke cikin asusun. Wanda ya yi shekara 8 yana aiki a ƙaramin mataki abin da ya tara kaɗan ne, kuma da shi za a yi masa lissafin rayuwar da ka iya kai shekara talatin nan gaba.

Haƙƙi na biyu shi ne diyya a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, kuma ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji. A nan ma'aikaci ba ya zuba komai, mai aikin ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, doka kuma ta hana shi cire wannan daga albashinsu. Sharaɗin shi ne raunin ko cutar ta samo asali daga aikin ko ta faru ana cikinsa, har da hatsarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cututtukan da yanayin aiki ke jawowa, da kurumtar da ƙarar injuna ke haifarwa. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba. Wanda ya samu cikakkiyar naƙasa ta dindindin ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, wanda tasa ba cikakkiya ba ce kuma ana biyansa kashi 90 na abin da aka ƙiyasta ya rasa na samu, ga kuma ɗaukar nauyin magani da gyaran jiki. A ƙa'ida biyan yana ci gaba har ya kai shekara 55, ko lokacin da hukumar ta gamsu da cewa a nan ne da zai yi ritaya idan ya wuce haka. Idan hatsarin ya zama ajali, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana karɓar kashi 90, mai ɗa ɗaya kashi 85. Kwatanta wannan da ɗan abin da ke asusun fanshon matashin ma'aikaci, za ka ga inda babban haƙƙin yake.

Amma dokar tana ƙirga kwanaki. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ba zai iya ba, ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 7, takardar neman diyya kuma ta shiga cikin shekara ɗaya, sai idan akwai uzuri na musamman da za a iya karɓa har zuwa shekara uku. Wanda ya zaɓi karɓar diyyar kuma ya bar hanyar kai mai aikinsa ƙara a kan wannan rauni. Wani cikas ɗin shi ne ba kowane mai ɗaukar ma'aikata ke biyan wannan kashi ɗayan ba, shi ya sa nake ganin aiki ne a kan shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su tambaya tun ana zaune lafiya ko an yi wa ma'aikatarsu rajista.

Wanda aka haifa da naƙasa ko ya same ta bai taɓa aikin albashi ba, waɗannan dokoki biyu ba su san da shi ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ta kuma kafa musu hukuma, amma ba ta yanka musu albashin wata ba. Jigawa ta taɓa gwada biyan naƙasassu naira 7,000 a wata tun daga 2007, abin da ya nuna cewa jiha tana iya yi idan ta sa kanta. Masu sana'ar hannu da 'yan kasuwar Sabon Gari kuwa an buɗe musu ƙaramin tsarin fansho na ganin dama a 2019.

Duk waɗannan haƙƙoƙi takarda ce ke tabbatar da su, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar matsalar mutanenmu ita ce ranar haihuwa, domin da yawa an ƙiyasta musu ita ne ranar shiga firamare, daga baya suka yi rantsuwar shekaru da wata daban, sannan aka rubuta ta uku a katin ɗan ƙasa. Haka suna, a nan Muhammadu, a can Mohammed, a banki kuma an sa sunan kaka a maimakon na uba. Tun da aka ɗaure asusun fansho da lambar NIN, ko harafi ɗaya ya saɓa sai biya ya tsaya. Takardar kama aiki ta farko da ta tabbatarwa da takardun ƙarin girma da takardun albashi su ake nema ranar tantancewa, wadda ma'aikatan tarayya kan yi tun kafin shekarar ritayarsu. Bayanin asusu kuma a riƙa duba shi, domin watan da ba a tura kuɗi ba ya fi sauƙin bi ana cikin aiki. Wanda bai gamsu da kamfaninsa ba, tun daga Nuwamban 2020 yana iya sauya shi sau ɗaya a shekara.

Saura batun rasuwa ana cikin aiki, inda na ga zumunci ya yi tsami a gidaje fiye da ɗaya. Doka ta wajabta wa mai aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rayuwa da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma wannan kuɗi daban yake da abin da ke asusun fansho. Wata gwaggona da mijinta ya rasu ta zo mini da fom a ƙulle cikin gefen mayafi, idanunta sun yi ja, ta ce, "Ka duba mini, an ce wai sunan ƙanensa ya rubuta, ni da yara ba mu da komai." Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, wanda aka rubuta a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, shi ne wanda za a fara nema idan wani abu ya faru." Kuɗin asusun fansho ba a sakinsa sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar ikon kula da dukiyar mamaci, a jihohin arewa kuma ana karɓar umarnin kotu mai hatimi, daga nan ga Musulmi sai a raba bisa ƙa'idar gado. Kuɗin inshorar ne dokar 2014 ta ce a biya wanda mamacin ya ambata da sunansa a matsayin mai cin gajiya, kuma a nan ne tsohon fom ke jawo rigima, domin mutum kan cike shi yana saurayi, ya rubuta mahaifinsa ko wansa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya goma bai koma ya waiwaye shi ba, wani lokaci ma wanda aka rubuta ya riga shi rasuwa. A lamarin gwaggona ƙanen mijin mutumin kirki ne, shi ya riƙa zirga-zirga tsakanin kotu da ofis har aka fitar da kuɗin aka kira malami ya raba. Fom ɗin yana nan a fayil ɗin kowane ma'aikaci a ofishin kula da ma'aikata, wani kwafin kuma a hannun PFA, kuma mai shi yana da ikon sabunta su duk lokacin da aka yi aure ko haihuwa ko rasuwa a gidansa.